Ina Takardar Ta Shiga? Bayani a Kan Ajiya da Neman Fayil a Kwamfuta

Tun da kwamfuta ta zama kayan aiki a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu, akwai wani kuka da ba a rabuwa da jinsa, watau mutum ya ce ya ajiye takarda jiya, yau kuwa ya neme ta sama ko ƙasa ya rasa. Akawu ya yini yana buga jerin sunayen waɗanda za a biya albashi, ko malamin makaranta ya gama haɗa sakamakon jarrabawar ajinsa, ko dattijo ya sa an ɗauki hoton takardunsa na fansho an zuba a na'ura, sa'an nan ranar da bukata ta taso a duba a ga wayam. Wani sai ya sake aikin tun daga farko, wani kuwa lokacin da aka ɗiba masa ya wuce, ya yi hasarar da ba ta gyaruwa.

Galibi takardar tana nan lafiya lau a cikin na'urar, wurin da ta shiga ne mai ita bai sani ba. Ba kuwa za a ce laifinsa ne shi kaɗai ba, gama waɗanda suka fara tsara ma'ajiyar kwamfuta don kansu da 'yan'uwansu masana suka tsara ta, sai daga baya aka shiga ƙoƙarin sauƙaƙa ta domin sauran jama'a. An yi fiye da shekara 40 ana wannan ƙoƙari, har yanzu kuwa da saura. Wannan ɗan littafi zai bayyana yadda ma'ajiyar take, da abin da aka yi don a sauƙaƙa ta, da kuma abin da ya rage a wuyan mai aiki da ita.

Fayil Da Folda

Rikicin farko daga suna yake tasowa. A ofishin gwamnati in an ce fayil, ana nufin bangon kwali wanda aka huda takardu aka ɗaure a ciki da zare, aka rubuta lamba da kan magana a bayansa. A kwamfuta kuwa fayil shi ne abu guda da aka ajiye, ko wasiƙa guda, ko hoto guda, ko wani karatu da aka naɗa. Bangon da ake zuba su a ciki shi ake kira folda. Saboda haka abin da masinja ya ɗauko daga rajista yana kiransa fayil, a wurin kwamfuta folda ce, takardun da ke ciki su ne fayiloli. Ma'aikata da dama waɗanda suka ƙware a aikin rajista sun sha wuya a kan wannan kalma guda, alhali tsarin kansa ba baƙo ba ne a gare su.

Bambanci na biyu shi ne folda tana iya ɗaukar wata folda, ita ma ta ɗauki wata, haka nan har iyakar abin da mutum ya ga dama. Ajiyar ofis tana da iyaka: ɗaki, kabad, aljihun kabad, fayil, shi ke nan. Kwamfuta ba ta hana kowa ya yi hawa goma ko fiye. Masana sukan kwatanta wannan da itace mai gindi ɗaya, kowane reshe yana fid da nasa rassan, fayiloli kuwa su ne ganyaye. Kowane fayil yana da adireshi wanda ya faro daga gindi, ya bi reshe-reshe har ya kai gare shi. In an ga an rubuta C:\Users\Ofis\Documents\Albashi, to, karatunsa shi ne: a faifan da ake kira C, a shiga foldar masu aiki da na'urar, a shiga ta wanda aka sa wa suna Ofis, a shiga ta takardunsa, a can za a tarad da foldar Albashi. Duk wanda ya iya kwatanta wa baƙo gida, ya ce unguwa kaza, layi kaza, ƙofa ta uku, ya riga ya san wannan karatu.

Mai tambaya zai ce don me aka fara da C. Dalili kuwa shi ne, kwamfutocin kan tebur na farko da ƙananan faya-fayai suke aiki, waɗanda ake sakawa ana cirewa, aka ba ramukansu biyu haruffan A da B. Da babban faifai na cikin na'ura ya zo, sai ya sami harafi na uku. Ƙananan faya-fayan sun daɗe da barin kasuwa, amma harafin ya zauna. Shi ya sa in an soka filashi yakan fito da D ko E ko wani harafi na gaba. Kwamfutocin Apple da masu aiki da Linux ba su amfani da waɗannan haruffa, amma itacen iri ɗaya ne.

Zamanin Rubuta Umurni

Tsarin folda cikin folda ya girmi kwamfutar kan tebur. A 1965 masanan da ke aikin wata babbar manhaja mai suna Multics a Amurka suka bayyana shi a rubuce, sa'an nan Ken Thompson da Dennis Ritchie na ɗakin binciken kamfanin Bell suka sa shi a cikin Unix, wadda aka fara a 1969. Masu aiki da na'urorin wancan lokaci injiniyoyi ne da malaman jami'a, bai yi musu wuya su riƙe taswirar itacen a ka ba.

Sa'ad da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta kan tebur a 1981, manhajar da ke tafiyar da ita, watau DOS ta kamfanin Microsoft, ba ta da folda ko ɗaya. Duk abin da aka ajiye jeri ɗaya yake shiga, faifan kuma ba ya ɗaukar fiye da fayil 64. Sai a 1983, da aka fito da na'ura mai babban faifai a ciki, aka ga tilas a kawo folda, domin ɗaruruwan fayiloli a jeri guda ba su dubuwa. A zamanin nan babu hoto a allo, umurni mutum yake rubutawa da Turanci. Ya rubuta dir ya ga abin da ke wurin da yake, ya rubuta cd da sunan folda ya shiga cikinta, in ya kuskure harafi guda na'ura ta ƙi. Har wa yau sunan fayil ba ya wuce harafi 8, sai ɗigo, sai haruffa 3 masu nuna irinsa. Wasiƙar neman hutun shekara sai ta koma wani abu kamar WSKHUT2.DOC, wanda bayan wata shida shi mai rubutun ma ba ya tuna ma'anarsa.

Da Aka Zana Tebur A Allo

Babban sauyi daga jihar Kalifoniya ya zo. A 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana a San Faransisko ɗan abin nan da ake turawa da hannu a kan tebur yana motsa kibiya a allo, wanda ake ce wa linzamin kwamfuta. Masu bincike na kamfanin Xerox a garin Palo Alto suka ɗora a kai da wata dabara: tun da ma'aikacin ofis ya san tebur da takarda da bangon fayil da tiren wasiƙun shiga da na fita, to, a zana masa su a allo, ya nuna abin da yake so da kibiya. Na'urarsu mai suna Star, wadda ta fito a 1981, ita ta fara kai wannan tsari kasuwa, sai dai ta yi tsada ƙwarai, ba ta sami masu saye da yawa ba. Kamfanin Apple ya bi sawu da Lisa a 1983, wadda ke da kwandon shara a allonta, sa'an nan Macintosh a 1984, wadda wata mai zane, Susan Kare, ta zana mata 'yan hotunanta.

Ƙarfin wannan dabara yana kan wata ɗabi'a ta ɗan Adam, watau gane abu in an gan shi ya fi tuno shi da ka sauƙi. Wanda ba zai iya kawo sunan fayil harafi-harafi ba, da ya hango shi a jeri sai ya ce ga shi nan. Windows 95, wadda ta fito a 1995, ta zo da tagar duba fayiloli mai suna Explorer, da kwandon shara, ta kuma yarda sunan fayil ya kai harafi 255. Daga bisani aka ware folda ta musamman domin takardu, da wasu domin hotuna da sauti da bidiyo da abin da aka sauko da shi daga intanet, don kada mutum ya riƙa yawo cikin foldodin da na'ura ke ajiye kayan aikinta.

Ba kowane ƙoƙari ne ya yi nasara ba. A 1995 ɗin nan kamfanin Microsoft ya fito da wata manhaja mai suna Bob, wadda ta mai da allo ɗakin gida, da kujeru da agogo da kalanda, ga wani kare na zane yana yi wa mutum jagora. Mutane suka ga kamar an mai da su yara, cikin kamar shekara guda aka janye ta.

Wasu kuma suka ce a kawad da folda ɗungum. Ƙaramar kwamfutar nan mai launin kore da fari, XO, ta shirin ba kowane yaro kwamfuta, wadda aka gwada a wata makarantar firamare a Galadima kusa da Abuja a 2007, ba ta nuna wa yaro folda, sai wani kundi da ke jera duk abin da ya yi bisa ga lokaci, na baya-bayan nan a sama. A shekarar ce kuma wayar iPhone ta fito, ita ma ta ɓoye ma'ajiya, kowace manhaja tana riƙe da kayanta. Wannan yana da daɗi muddin kayan kaɗan ne. Da suka yi yawa, kuma masu aiki suka bukaci tara wasiƙa da hoto da lissafi na magana guda a wuri guda, sai kamfanin Apple ya koma ya sa manhajar duba fayiloli a wayoyinsa a 2017. Amma ɓoyon ya riga ya bar tabo, gama an sami matasa gwanayen waya waɗanda in an tambaye su a wace folda suka ajiye aiki, tambayar ma ba su gane ta ba. A 2021 mujallar The Verge ta ruwaito malaman jami'a suna kokawa da haka.

A Bi Hanya, Ko A Tambaya?

Hanya biyu ce ta samun fayil. Ko dai mutum ya bi folda-folda har ya isa, ko kuwa ya rubuta wata kalma a akwatin nema, na'ura ta duba masa. A da nema yana da jinkiri, domin sai na'ura ta bi faifan duka. Daga baya aka sa ta tana shirya fihirisa a ɓoye, irin wadda ake sawa a ƙarshen littafi, tana rubuta sunan kowane fayil da kalmomin cikinsa. Apple ya kawo wannan a 2005 da sunan Spotlight, Microsoft kuma ya sa akwatin nema a Windows Vista a 2007. Mutane da yawa suka zaci folda ta gama yayi.

Ba haka ta kasance ba. Tun a 1983 wani mai bincike, Thomas Malone, ya shiga ofisoshi yana duba yadda ma'aikata ke shirya teburansu na aiki. Ya ga wasu masu jerawa ne a fayil, wasu kuwa masu tara tsibi ne, ya kuma lura tsibin nan yana da aikin yi, domin takardar da ke gaban ido tana tuna wa mai ita aikin da bai gama ba. A 1995 Deborah Barreau da Bonnie Nardi suka sami irin wannan ga masu kwamfuta, watau sun fi son su je inda suke zaton abin yake, su duba da ido. A 2008 Ofer Bergman da abokan aikinsa suka sake auna al'amarin bayan an inganta nema, suka tarar har yanzu mafi yawan lokaci mutane hanya suke bi, ba su komawa ga akwatin nema sai sun manta wurin. Dalilin a fili yake. Nema yana bukatar mutum ya tuna kalmar da ya sa, wurin ajiya kuwa hannu ma yakan tuna shi, kamar yadda uwargida ke miƙa hannu cikin duhu ta ɗauko ashana inda ta saba ajiyewa.

Saboda haka gyare-gyaren baya suka koma kan gajarta hanya. Tun daga Vista, layin adireshi da ke saman taga ya zama kowane suna a cikinsa ana iya danna shi a koma can kai tsaye. Windows 10 ta 2015 ta kawo jerin foldodin da aka fi shiga da fayilolin da aka buɗe kwanan nan. A 2022 Windows 11 ta yarda a buɗe foldodi da yawa a taga ɗaya. Duk waɗannan taimako ne na gaske, amma babu na'urar da za ta san abin da mai takarda ke nufi sa'ad da ya sa mata suna "sabo 2".

Abin Da Ya Rage A Wuyan Mai Aiki

Abu na farko shi ne kayan mutum su kasance da gida ɗaya. Foldar da aka rubuta wa Documents don haka aka yi ta, ya fi kyau duk foldar da mutum zai ƙirƙira ta zauna a cikinta. Fuskar allo, wadda ake kira tebur, ita ma folda ce, amma wurin aikin yau da na gobe ne. Barin takarda biyar ko shida a kai don tunatarwa ba laifi ba ne. In kuwa 'yan hotuna sun rufe allon kaf, to, tsibin ya daina tunatar da kowa. Foldar Downloads kuma zaure ce, baƙo yakan tsaya a nan kafin a shigar da shi gida. Abin da ke da muhimmanci a kwashe shi daga can a ranar da ya iso, balle ma akwai wani saiti a Windows wanda in an kunna shi yakan share abin da ya daɗe a wurin ba a buɗe ba.

Rabon foldodi kuwa a yi shi bisa ga yadda za a zo neman abu. In shugaba ya aiko, ba zai ce a kawo masa takardar Word ba, cewa zai yi a kawo maganar gyaran rufin makaranta. Don haka wasiƙar, da hoton rufin, da lissafin kuɗin kwano, su zauna a folda ɗaya mai sunan aikin. Hawa uku yakan ishi yawancin mutane, alal misali Makaranta, sa'an nan 2024, sa'an nan Jarrabawa. Kowace ƙofa da aka ƙara, an ƙara wurin ɓacewa ke nan. Bugu da ƙari, manhajoji da yawa a Windows ba su iya aiki da adireshin da ya wuce harafi 260, saboda haka foldodi masu zurfi da dogayen sunaye sukan ƙi kwafuwa ba tare da mutum ya gane dalili ba.

Suna shi ne wurin da ya fi cancanta a tsaya. Suna mai kyau yana faɗin lokaci da kan magana, kamar a ce 2024-03-15 Wasiƙar neman hutu. An fara da shekara, sai wata, sai rana, domin na'ura daga hagu take fara jerawa. In an sa rana a gaba, takardar 1 ga Disamba za ta hau kan ta 2 ga Janairu, shekaru kuma su cakuɗe. In an sa shekara a gaba, takardu su jeru da kansu yadda suka faru. Wannan tsari shi ne Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta amince da shi tun 1988. Wani zai ce ai na'ura tana rubuta kwanan wata da kanta. Gaskiya ne, amma nata yakan sauya da zarar wani ya buɗe takardar ya gyara ko da waƙafi guda ya sake ajiyewa, wanda ke cikin suna kuwa ba ya motsi. A lura kuma Windows ba ta karɓar waɗannan alamomi tara a cikin suna: \ / : * ? " < > | shi ya sa ake raba kwanan wata da ɗan karan tsakiya.

Masu rubutu da Hausa suna da wani abin lura na kansu. Kwamfutocin yau suna karɓar ɓ da ɗ da ƙ a sunan fayil, Windows ma tana da tsarin madannai na Hausa. Amma a wurin na'ura ƙ da k haruffa ne daban, kowanne da lambarsa. Wanda ya ajiye takarda da sunan "ƙasa", abokin aikinsa ya zo ya nemi "kasa", mai yiwuwa ne a ce masa babu. Ko wanne aka zaɓa daidai ne, in dai duk ofishin sun tsaya a kan guda.

Sai kuma ciwon nan na "na ƙarshe", da "na ƙarshe gyararre", da "na ƙarshe na gaske". Maganinsa lamba ce, 1, 2, 3, a tura tsofaffin cikin wata folda mai suna Tsofaffi, a bar guda ɗaya tak a fili.

Ramukan Da Aka Fi Faɗawa

Takardu da yawa a daidai lokacin ajiya suke ɓata. Taga ta fito tana tambaya, mutum yana sauri ya danna amincewa bai karanta ba, manhajar kuwa ta kai takardar foldar da aka yi aiki da ita a baya, ko wata tata ta daban. Wasu manhajojin wasiƙun intanet in an buɗe takardar da aka liƙo, a wata foldar wucin gadi suke sa ta, mutum ya yi gyaran awa biyu a can, gobe babu labari. Duban layin adireshi kafin a danna ba ya cin daƙiƙa biyar.

Akwai kuma ɗan hoto mai ƙaramar kibiya a gindinsa. Wannan ba shi ne fayil ba, manuniya ce kawai mai nuna inda fayil yake. Wanda ya kwafe ta a filashi ya yi tafiya, in ya isa zai tarar allon kwatance ya ɗauko, gidan yana can inda ya baro shi. Girmanta yakan tona ta, domin ba ta cika wuce kilobayit ɗaya ko biyu ba. Akwai ma wata cutar kwamfuta da ke bin filashi daga na'ura zuwa na'ura, wadda ke ɓoye foldodin gaskiya ta sa irin waɗannan manuniyoyi a madadinsu. In an ga haka kada a danna, kada kuma a goge filashin, kayan suna nan a ɓoye, mai gyara zai iya fito da su.

Jan fayil da linzami shi ma yana da ka'ida biyu. In an ja shi zuwa wata folda a faifai ɗaya, ƙaura ya yi, ya bar wurinsa na da. In an ja shi zuwa wani faifai, kamar filashi, kwafi aka yi. Sau da yawa hannu yakan zame, folda sukutum ta faɗa cikin maƙwabciyarta. In an farga nan take, danna Ctrl da Z tare yana mai da ita. Kwandon shara kuma yana riƙe abin da aka share daga babban faifai, amma abin da aka share daga filashi ba ya biyawa ta kwando, haka nan wanda aka share ana danne da Shift.

Wani sauƙaƙawar ma ya jawo ɓarna. Domin kada a rikita jama'a, Windows takan ɓoye 'yan haruffan ƙarshen suna masu nuna irin fayil. A watan Mayu na 2000 wata cuta da ta taso daga ƙasar Filifin ta yi amfani da wannan, ta zo a kamannin wasiƙar soyayya, ƙarshen sunanta na gaskiya a ɓoye, ta shiga miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Ana iya sa na'ura ta riƙa nuna waɗannan haruffa daga wurin da aka rubuta View, kuma ya kamata a yi.

Na baya-bayan nan shi ne ajiyar intanet. In an kunna OneDrive ya riƙa kula da tebur da takardu da hotuna, foldodin nan sukan koma ƙarƙashinsa, adireshinsu ya sauya. Fayil mai alamar gajimare a gefensa sunansa kawai ke cikin na'ura, ba ya buɗuwa sai da intanet, abin da ke da muhimmanci ga wanda zai je inda sabis ba shi da ƙarfi. Abin da aka share a na'ura ɗaya kuma yakan share a sauran. Don haka har yanzu ana bukatar kwafi na biyu a wani faifai da ake ajiyewa a wani wuri dabam. Kwamfutocin Apple suna da Time Machine domin wannan tun 2007, Windows kuma tana da File History tun 2012.

Ga Masu Shirya Wa Wasu Na'ura

Ɗa da ke shirya wa mahaifinsa kwamfuta, da jami'in da ke kula da na'urorin ofis, su ne suka fi kowa ikon rage wannan wahala. Su kafe foldodi uku ko huɗu da aka fi bukata a gefen hagu na taga, su sa musu sunayen da mai na'urar ke faɗi da bakinsa, su sa shi ya ajiye takarda ya rufe ya nemo ta da hannunsa suna kallo, har sau uku. Kada kuwa su sake wa mutum shirin teburinsa ba da saninsa ba, ko da sun ga ya hargitse, gama da wurin yake gane kayansa. A ofis lalle ne a rubuta jerin foldodi da ka'idar sa suna a takarda guda, kowa ya sami kwafi, kamar yadda rajista ke da littafin lambobin fayil. In ba haka ba, ranar da aka yi wa akawu canjin wurin aiki, taswirar ma'ajiyar ta tafi tare da shi.

In Takarda Ta Riga Ta Ɓata

A fara da manhajar da aka yi aikin da ita, a duba jerin abin da aka buɗe kwanan nan, a can sau da yawa za a ga sunan da adireshinsa. In babu, a rubuta a akwatin nema wata kalma da aka tabbata tana cikin takardar, kamar sunan gari ko lambar wasiƙa. In har yanzu shiru, a buɗe Documents da Downloads da tebur, a jera kowanne bisa ga kwanan wata, a leƙa foldodin da ke maƙwabtaka da inda take a da, sa'an nan kwandon shara.

In ta tabbata share ta aka yi kuma ba ta cikin kwando, to, a dakata da aiki da faifan nan da nan. Sharewa ba ta kankare rubutun a take, sunan ake cirewa daga jeri, a ba da wurin ga duk abin da zai zo. Kowane sabon abu da aka ajiye yana iya hawa kansa. A cire filashin, ko a kashe na'urar, a kai wa mai gyara. A tsofaffin faya-fayai masu juyawa da filashi akan dace. A sababbin da ake kira SSD kuwa na'ura takan goge wurin da kanta ba da jimawa ba, saboda haka samun abin a can ya fi wuya.